Likita ta ce in riƙa shafa masa basilin, anya zai iya da wannan ƙaiƙayin?

Maman_Haidar
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa fama da irin wannan. Ɗana shekararsa uku da wata huɗu. Tun yana da wata biyar kumatunsa ke yin kaushi, da ya fara tafiya sai abin ya koma bayan gwiwa da lanƙwasar hannu da wuya. Da damina yakan lafa, amma tunda iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba ba mu yi barcin kirki ba. Cikin barci yake susa, ina kwance ina jin ƙarar farcensa a jikinsa, da safe in tarar da ɗigon jini a zanen gado. Wurin ya yi baƙi ya yi kauri, in ka taɓa kamar ba fatar yaro ba.

Shekaranjiya na kai shi asibiti. Likita ta duba ta ce ekzima ce, irin wadda ke bin jini. Ta rubuta wani ɗan ƙaramin magani na shafawa na mako ɗaya, sannan ta ce babban aikin shi ne in riƙa shafa masa farin basilin marar ƙamshi safe da rana da dare. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Basilin ɗin da muke shafa wa ƙafa saboda faso? Kuma ai tun da ina shafa masa, ban ga ya hana komai ba. Surukata kuma ta ce in rabu da shi, daga man fetur aka yi shi, in koma man kaɗanya. Ku da kuka sani, yana aiki da gaske ko dai lallashina aka yi?

UmmuSalma_Kawo
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, Maman Haidar. Kafin komai, yaushe kike shafa masa? Yana fitowa daga wanka, ko sai ya bushe?

Maman_Haidar
Nakan goge shi tas da tawul, in bar shi ya ɗan sha hantsi a tsakar gida saboda sanyi, sannan in shafa.

UmmuSalma_Kawo
To a nan gizo ke saƙar. Ni ma haka na yi ta yi wa Salma kusan shekara biyu, ina cewa man ba ya aiki. Basilin ba shi da ruwa ko ɗigo a cikinsa, murfi ne kawai. In kika rufe tukunyar da ba komai a ciki, me murfin zai tsare? Fata sai ta sha ruwa tukuna, sannan ki rufe ruwan kafin iska ta kwashe. Yanzu kafin in sa ta a baho sai na buɗe robar na ajiye a gefe tare da kayanta. Ina ɗaga ta daga ruwa in danna tawul a jikinta sau biyu uku, ba gogewa ba, jikin da sauran laima, sai in hau shafawa tun daga wuya har tafin ƙafa. Kada a wuce minti uku. A ɗaki nake yi, ƙofa a rufe, don iskar Disamba kafin ki ƙirga goma ta busar da yaro. Sati na farko na ga bambanci a barcinta.

Ɗan_Rigasa
Hajiya ki daina wahalar da kanki. Ekzima ai ƙyasfi ne. Ki je kemis ki ce a ba ki man nan mai haɗi uku, kwana uku ya ɓace. Ni da shi na kashe nawa na ƙirji. Maiƙo ma ƙara shi yake yi.

Sista_Ladi
Ɗan Rigasa, ka yi haƙuri in gyara maka, don wannan ruɗanin kullum muna ganinsa a wurin aiki. A ƙasar nan in mutum ya ce yana da ekzima, yawanci ƙyasfi yake nufi: tabo-tabon nan masu haske ko duhu a ƙirji da baya da wuya, masu ɗan gari in an kankare, waɗanda ba su cika ƙaiƙayi ba sai an yi gumi. Wannan ƙwayar cuta ce dangin naman gwari da ke zaune a fatar kowa, zafi da gumi da maiƙo ke sa ta yi yawa. A kan wannan kana da gaskiya, basilin ba zai kashe shi ba.

Abin da Maman Haidar ta kwatanta daban ne. Ya fara a kumatu tun yana jariri, ya koma lanƙwasar gaɓoɓi, yana hana barci, yana tashi da hunturu. Babu ƙwayar da za a kashe a nan. Fatar ce ba ta riƙe ruwa yadda ya kamata, sai ta bushe ta tsage, ƙura da sabulu su shiga, jiki ya harzuƙa. Ba a ɗaukarta, ba kuma ƙazanta ke kawo ta ba. Suna ɗaya aka ba cuta biyu.

Ɗan_Rigasa
To Sista, na karɓi gyara. Wallahi duk zatona abu ɗaya ne.

Hauwa_Badarawa
Don girman Allah Maman Haidar, kada ki kusanci man nan mai haɗi uku. Ni na yi, har yau abin yana ci mini rai. 'Yata tana da wata takwas wata maƙwabciya ta ba ni, na shafa, kwana biyu fuska ta yi sumul. Da na daina ya dawo, na sake shafawa. A haka na yi wata huɗu, har na riƙa matsa shi cikin man shafawarta gaba ɗaya. Kumatun suka yi fari fat suka bambanta da sauran jiki, fatar ta yi laushi kamar leda, ana hango ƙananan jijiyoyi. Ranar da likitan fata ya karanta abin da ke jikin kwalin sai da ya ɗago ya dube ni. Ya ce maganin da ke ciki mai ƙarfi ne ƙwarai, ko babba ba a ba shi ya shafa a fuska haka kawai. Da muka daina, abin ya taso fiye da da, mun sha wuya kafin ya kwanta. Yanzu shekararta biyar, basilin da sabulu marar ƙamshi ne abokan tafiyarmu.

Anti_Rabi
Ni dai ina bayan surukarki. 'Ya'ya bakwai na raina da man kaɗanya, ba wanda ya taɓa yin wannan susar. Kakanninmu da me suka shafa? Abin da aka tono daga rijiyar mai a ce shi za a lafta wa jariri, hankalina bai kwanta da shi ba. Ance ma toshe ƙofofin fata yake yi.

Baba_Kakuri
Hajiya Rabi, bari in sa baki tunda an taɓo fannina. Na yi shekaru ina aiki a harkar tace mai kafin in yi ritaya. Gaskiya ne asalinsa ɗanyen mai ne. Amma ɗanyen mai ba abu ɗaya ba ne, ana rarraba shi kashi-kashi: fetur da kananzir da gas su ne masu sauƙi da ke fita da wuri, can ƙasa kuma a sami masu nauyi, man inji da kaki da kwalta. Matatarmu ta Kaduna da aka buɗe a 1980 da sashen man inji da kaki aka gina ta. Basilin daga dangin kakin nan yake, cakuɗe da mai mai nauyi, a yi ta tacewa har ya fita fari ba wari ba ɗanɗano.

Kuma ba sabon abu ba ne. Wani masanin haɗa sinadarai, Robert Chesebrough, ya je rijiyoyin mai na Titusville a Amurka a 1859, ya ga ma'aikata suna kankare wani kaki da ke manne wa ƙarfen famfo suna shafa wa yanka da ƙuna. Ya ɗauka ya yi ta tacewa, a 1872 ya yi masa rajista, shi ne Vaseline ɗin da bakinmu ya mayar basilin. Yau sama da shekara 150 ke nan ana shafa shi. Abin tsoro shi ne wanda ba a tace da kyau ba, don a ɗanyensa akwai abubuwa masu cutarwa. Saboda haka maganar ba ta asali ba ce, ta wa ya tace ce.

Anti_Rabi
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na ji bayani. Amma kaɗanyar fa, ita ma a yar da ita?

Sista_Ladi
A'a Anti, ba wanda ya ce a yar. Man kaɗanya mai tsabta yana tausasa fata, yara da yawa suna jin daɗinsa. Sai dai wajen hana ruwa fita bai kamo basilin ba, shi basilin kusan duka yake tarewa, a littattafai ana cewa sama da kashi 98 cikin ɗari. Sannan na kasuwa wani lokaci da ƙasa-ƙasa ko warin hayaƙi, wani an cuɗa shi da wani mai. Fatar da ta riga ta tsage ba ta jure wannan. Batun 'ya'yanki bakwai kuma, Allah ya ƙara musu lafiya, mai yiwuwa ba su gaji irin fatar ba ne tun farko.

Maman_Haidar
Sista, kin ce gado. Ni ba ni da ita, babansa ma haka. Amma shi baban yana da asma, ni kuma in ƙura ta taso atishawa nake yi ba ƙaƙƙautawa. Yana da alaƙa?

Sista_Ladi
Ƙwarai. Su ukun 'yan gida ɗaya ne, asma da atishawar ƙura da ekzima. Iyaye su sami ɗaya, ɗa ya fito da wata.

MaiKemis_TudunWada
Ina bayan kanta shekara goma sha, bari in faɗi abin da nake gani. Uwa za ta zo ta ce basilin ya ɓata wa ɗanta jiki. In na ce ta kawo robar, sai in ga mai launin ruwan hoda ne ko kore, ƙamshi na tashi tun daga ƙofa, wani ma an auno shi ne a kasuwa cikin robar da ba rubutu. Turaren da launin su ne masu laifi. Ki nemi fari, ki shinshina ki ji ba komai, ki duba lambar NAFDAC, ki karanta jikin robar ki ga abu ɗaya tak aka rubuta a ciki. In akwai harufan BP ko USP, alama ce an tace shi zuwa matsayin da ake amfani da shi a magani. Ko na jarirai ne aka rubuta, in yana ƙamshi ki ajiye.

Abu na biyu, kada ki riƙa tsoma yatsa a robar, kin taɓa wurin da ya fashe kin koma kin tsoma. Ki ware ƙaramin cokali mai tsabta ki riƙa ɗiba da shi ki zuba a bayan hannunki. Na uku, mutane suna tsumulmular man. 'Yar ƙaramar roba ta yi wata biyu a gida, a ce wai ana shafawa. Yaron da abin ya kama jikinsa sosai, likitocin Ingila suna lissafa masa giram 250 zuwa 500 a mako guda. Ki sayi babba, ya fi sauƙi a kuɗi.

Abban_Nusaiba
Giram 500 a mako, Malam? A wannan tsadar? Ni albashi nake jira, ga kuɗin makaranta.

MaiKemis_TudunWada
Wannan na wanda abin ya game wa jiki ne, Abban Nusaiba. Mai bayan gwiwa da hannu kawai ba zai ci haka ba. Kuma duk cikin mayukan da ake rubuta wa masu wannan larura babu mai araha irin farin basilin. Waɗanda ake shigowa da su daga waje, kuɗin kwalba ɗaya zai saya maka manyan robobi da yawa.

Abban_Nusaiba
Haka ne kam. Mu ma muna da mai ita a gida, shekararta shida. Abin da zan ƙara na dare ne, don ni ke tashi da ita in mamanta ta gaji. Duk Juma'a ina yanke mata farce in goge bakin. Da dare bayan an shafa mata, sai a sa mata doguwar riga da wando na auduga, in abin ya tashi har safa mai tsabta muke sa mata a hannu. Na lura rigar sanyin nan mai gashi-gashi in ta taɓa fatarta kai tsaye, wuyan ya ɗauka ke nan, sai mun sa ta auduga a ciki. In ta farka tana susa ba na ce mata ta bari, ba ta iyawa. Tsumma nake jiƙawa da ruwan sanyi in ɗora minti kaɗan, in ƙara man, in riƙe hannun har ta koma. Ku iyaye maza da ke karantawa, wannan aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

UmmuSalma_Kawo
Allah ya saka da alheri Abban Nusaiba. Wannan maganar ta ƙarshe a kai ta gidaje da yawa.

Maman_Ilham
Ki hana shi ƙwai da gyaɗa da madara da kifi. Ƙanwata haka ta yi. Sannan ki riƙa ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wankansa, ki dirje wurin da soso da sabulun salo, ɓawon ya fita.

Likita_Malali
Na biyo zancen tun daga sama, kuma Sista Ladi da Ummu Salma sun riga sun faɗi mafi yawan abin da zan faɗa. Ba zan iya duba yaro ta waya ba, abin da likitarsa ta gani shi ne abin bi. Amma Maman Ilham, ki yi haƙuri, shawarar wankan nan za ta ƙara masa ciwo. Soso da sabulu mai ƙarfi da maganin da ake ɗigawa a ruwa duk suna kwashe ɗan maiƙon da ya rage wa fatar. Ruwan zafi ƙwal da muke yi wa yara da hunturu shi ma haka, yana daɗi a lokacin, bayan awa ɗaya ƙaiƙayin ya ninka. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, minti biyar zuwa goma, da tafin hannu, sabulu marar ƙamshi a hammata da matsematsi da ƙafa kawai.

Abinci kuma, akwai yaran da wani abinci ke tayar musu, amma ba su ne masu yawa ba. Yaro ɗan shekara uku a hana shi ƙwai da madara da kifi da gyaɗa gaba ɗaya bisa zato, za a gyara fata a rasa jiki. In kin lura duk lokacin da ya ci wani abu leɓensa na kumbura ko borin jini ya feso ko ya yi amai, wannan ki kai wa likita.

Maman Haidar, ga amsar tambayarki ta farko yadda na fahimce ta. Ba lallashinki aka yi ba. Fatar mutum kamar katangar bulo ce, ƙwayoyin fata su ne bulo, maiƙon jiki shi ne siminti a tsakani. Ta ɗanki simintin bai cika ba. Basilin yana cike gurbin na 'yan awoyi, shi ya sa ake maimaitawa, kuma ba a dainawa don an ga sauƙi. Amma in wuri ya riga ya harzuƙa, ya kumbura yana ƙaiƙayi, basilin kaɗai ba zai kwantar da shi ba. Aikin ƙaramin maganin da aka rubuta miki ke nan. Kada labarin Hauwa ya sa ki ji tsoronsa. Abin da ya same ta magani mai ƙarfi ne, a fuskar jaririya, wata huɗu, ba mai lura. Naki an auna ƙarfinsa da shekarun yaron, an yanka kwanaki. Ki matso shi daga kan yatsanki manuni zuwa gaɓar farko, wannan ya isa wuri mai faɗin tafin hannunki biyu. A kan wurin ciwon kawai, kada ki cuɗa shi cikin robar basilin, ki bar kamar rabin awa tsakaninsu.

In za ki shafa basilin ki bi yadda gashi ya kwanta, daga sama zuwa ƙasa, kada ki murza da ƙarfi, don kada ramukan gashi su toshe su yi ƙuraje. Kuma in kika ga wurin yana tsatsar ruwa, ko ya yi ɓawo ruwan zuma, ko ƙananan ƙuraje masu rami iri ɗaya sun feso suna masa zafi, ko zazzaɓi ya shigo, kada ki rufe da mai ki jira. Ranar ki koma asibiti. Akwai likitocin fata a asibitin Barau Dikko na Kaduna, akwai a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, in abin ya ƙi ji a nemi a tura ku.

Maman_Ilham
To Dakta, Allah ya sa mu dace. Mu abin da muka tarar ke nan.

Anti_Rabi
Dakta, man zaitun fa? Shi ai mai albarka ne.

Likita_Malali
Anti, a ci a sha, albarkarsa na nan. Amma a fatar mai ekzima ba na ba da shawararsa. An gwada shi a Sheffield ta Ingila, aka ga shafa shi kullum yana raunana saman fata har ga waɗanda lafiyarsu ƙalau.

Malam_Sani_UngSarki
Ku ba ni dama in shigo da tawa, ko da yake ba ta yaro ba ce. Ni tela ne, shekarata 44, tawa a hannu take. Da hunturu gaɓoɓin yatsuna tsagewa suke yi har in kasa riƙe almakashi, in ruwa ya taɓa kamar an zuba barkono. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne alwala, ina tsoron maiƙon ya hana ruwa taɓa fata. Na tambayi malamin da nake karatu a wurinsa, ya ce in sauran maiƙo ne kawai da ruwa ke bi ta kai ba komai, in kuwa ya yi kauri ya zama shamaki sai a goge kafin a fara. Kowa dai ya tambayi malaminsa. Daga nan sai na juya tsarin: ina idar da alwala, hannu da laima, sai in shafa ɗan kaɗan. Kafin wata sallar ya riga ya bi jiki. Sau biyar ke nan a rana ba tare da na sa wa kaina agogo ba. 'Yar ƙaramar roba tana aljihun rigata kullum. Da dare in lafta da yawa in sa safar hannu ta auduga. Matsalata ɗaya, in ina ɗinkin farar shadda dole in haƙura da shi sai na tashi, don tabon maiƙo a kayan mutane ba abin wasa ba ne.

UmmuSalma_Kawo
Malam Sani, wannan dabarar ta bayan alwala zan kai wa mahaifiyata yau ɗin nan. Ita ma hannunta haka yake.

Maman_'YanBiyu
Ba wanda ya ambaci wuta, kuma lokacinta ne. Bara da sanyin Janairu na shafe yarana, na sa musu kayan barci, muka zauna jin ɗumi a kaskon gawayi. Hassan ya miƙa hannu, tartsatsi ya faɗa a hannun rigar, kafin in ce me wuta ta kama ta. Allah ya taimaka babansu na kusa ya danne da bargo, ƙunar ba ta yi zurfi ba. Rigar nan kullum da ita yake kwana, ta sha mai har ta yi nauyi. Don Allah duk mai shafa wa yaro basilin da yawa ta nisanta shi da kasko da risho da kyandir da maganin sauro na kunnawa.

MaiKemis_TudunWada
Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa. Wannan sananne ne, hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sake yin gargaɗi a kai a 2018. Man da ke cikin roba ba ya kamawa haka kawai, tufafi da zanen gado da suka sha shi suka bushe su ne ke ci da sauri. A riƙa canzawa ana wankewa da ruwan zafi, duk da wankin ma ba ya fitar da shi duka.

Zainab_Barnawa
Ni tawa ƙwarewar ta saba da ta yawancinku. Da hunturu lafiya lau, amma da zafin Maris da Afrilu ya shigo, ga ba wuta ba fanka, basilin ya zame wa ɗana azaba. Gumi ya rasa hanyar fita, ƙurajen zafi suka feso a baya da wuya, susar ta ƙaru. Har gudu yake in ya ga robar. Don haka ban yarda a ce shi ne na kowa a kowane lokaci ba.

Likita_Malali
Gaskiyarki Zainab. Da zafi a rage kauri, ko a koma mai ruwa-ruwa marar ƙamshi da rana, a bar basilin ga wuraren da suka fi bushewa da dare. A 2022 an fitar da sakamakon wani gwaji a Ingila kan yara 550, aka raba musu mayuka iri huɗu daga mai ruwa zuwa mai kauri, ba a ga wanda ya fi wani ba. Wanda yaro zai tsaya a shafa masa kullum shi ne mai amfani. Sai dai iskarsu ba irin tamu ba ce. A Kaduna tsakanin Disamba da Fabrairu, mai ruwa-ruwa kafin azahar ya tafi.

Anti_Rabi
To kun gani, ashe ba a ce dole sai shi ba. Ni jikata kaɗanya zan ci gaba da shafa mata, in narkar in tace da kaina.

Maman_Haidar
'Yan uwa na dawo, yau kwana tara. Na bi yadda Ummu Salma ta ce, wanka a ɗaki, ruwa mai ɗumi-ɗumi, na ajiye soso, cokali na cikin wani kofi kusa da robar. Maganin likita na gama shi ranar Talata. Daren jiya sau ɗaya ya farka, kuma tun ranar Asabar ban ga jini a zane ba. Alhamdu lillahi. Lanƙwasar hannu ta yi laushi, amma bayan gwiwar hagu har yanzu da kauri, kuma baƙin bai tafi ba ko kaɗan. Surukata ta ga sauƙin, ta ce duk da haka a riƙa sa masa kaɗanya a ƙafafu, na ce to. Kaskon ma na fitar da shi daga ɗaki. Yanzu tambayata biyu: baƙin nan zai koma daidai? Kuma ranar Litinin zai koma makaranta, wa zai shafa masa na rana?

Hauwa_Badarawa
Baƙin yana tafiya, amma da watanni, in dai susar ta tsaya. Na 'yata ya kusa shekara. Kada ki bari kowa ya ba ki man da zai goge shi.

Abban_Nusaiba
Mu mun zuba kaɗan a 'yar roba mai murfi muka rubuta sunanta, mamanta ta je da kanta ta yi wa malamar ajin bayani cewa ba a ɗauka, don wasu iyayen sun fara cewa a raba mata wurin zama. Malamar takan tuna mata lokacin tara. Naki ƙarami ne, sai dai a roƙi mai kula da su ta shafa masa hannu da wuya.

Zainab_Barnawa
Maman Haidar, ki dawo mana da labari in zafi ya shigo. Ina so in ji ko naki zai jure shi a Afrilu.